Tara da Rabi

Shafi na 19

Salamu alaikum jama'ar gidan nan. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta ce in ban sako shafin yau ba za ta hau mota ta same ni har gida. Hajiya ki zauna abinki, ciwon haƙori ne ya kwantar da ni, ba jan rai ba. Ku kuma masu zagin Mutari wai ya cika son kansa, ku karanta wannan tukuna, in kun ga dama ku ƙara zagin, ni ba zan tare muku baki ba.

*

Kwana uku ke nan da takardar waya ta iso biron kumandan na Dakoro, wato ofishin Baturen mulki, daga Yamai, kuma kwana ukun nan tuwo bai wuce maƙogwaron Mutari ba.

Maki tara da rabi bisa ashirin. Na shida.

Mutum huɗu kacal gwamnati za ta aika makarantar shari'a ta Dakar a wannan shekara ta 1954. Shekara biyu Mutari ya yi yana haddar littattafan doka a gindin aduwar bayan biro, da zarar ya tashi daga aikinsa na akawu. Ranar jarrabawa zazzaɓi ya kama shi tun a hanya. Ya shiga ɗaki haƙora na kaɗawa, rabin abin da ya rubuta shi kansa bai san me ya ce ba.

Ƙofa ɗaya ta rage masa. Lokotoron Yamai, likitan da ya duba shi, ya ba shi shaidar rashin lafiya, kuma da ita doka ta yarda ya soke sakamakon ya sake zama baɗi. In bai soke ba, shi ke nan, don jarrabawar nan sau ɗaya ake zamanta. Sai dai ya zauna jiran mutum biyu daga cikin na gabansa su fasa. Ku faɗa mini, wa zai fasa Dakar?

Motar wasiƙu kuma gobe Alhamis bayan azahar za ta tashi zuwa Maraɗi. Takardar da ba ta shiga jakar nan ba, ba ta da sauran amfani.

"Mushe, na yanke shawara," in ji Mutari. "Soke ta za ni yi."

Mushe Attaher, wato Malam Attaher da bakin Faransa, tsohon tafintan biro, yana gefe yana tauna tabarsa. Shekara talatin yana juya maganar Nasara zuwa Hausa, ba abin da ke sa shi gaggawa a duniya.

"To."

"Tara da rabin nan ba tawa ba ce. Ta zazzaɓi ce."

"To."

Mutari ya jawo takardar sokewar, ya tsoma alƙalami a tawada. Hannunsa ya kusa sauka sai ya ji an riƙe shi.

"Ka karanta bayanta?"

"Mi ke bayanta?"

"Juya."

Ya juya. Ƙananan rubutu ne, layi na huɗu. Ya karanta, ya sake karantawa. Duk mai zaman jarrabawar nan kada ya wuce shekara ashirin da biyar.

"Takardarka ta haihuwa mi ta ce?"

Mutari ya ce, "Wajen 1929."

"Bana nawa ke nan?"

"Ashirin da biyar."

"Baɗi hwa?"

Tawada ta ɗiga a kan tebur, bai ma gani ba.

"Ke nan in na soke, ba su bari na in zamna baɗi."

"Ba su bari."

"In ban soke ba kuma..."

"Sai ka yi ta roƙon Allah mutum biyu su karye ko su haukace."

"Mushe, wanga ba abin dariya ba ne!"

"Ka ga haƙorana?"

Mutari ya miƙe har kujera ta faɗi. "Kwana uku kana kallona ina yawo da takardar ga, ba ka hwaɗa mani ba?"

"Kai za ka zama alƙalin Nasara. Na ce bari in ga ko kana karanta bayan takarda."

Ku 'yan yanzu da ake haihuwarku a asibiti a rubuta har minti, ba za ku gane ba. A zamanin nan Nasara ne zai dube ka sama da ƙasa, ya rubuta "an haife shi wajen shekara kaza", kuma wajen nan shi zai bi ka har kabari.

"Ai takardar nan ƙarya ce!" Mutari ya buga tebur. "Littahin ƙidaya ni nike riƙe da shi. Gidanmu an rubuta Mutari wajen 1929, Harisu wajen 1932. Harisun nan Yaya Jimrau ne, wanda ya goye ni a bayanshi! Ƙaƙa za a ce na girme shi da shekara uku? Rikita mu sunka yi kawai."

Mushe Attaher ya daina tauna. Ya tashi ya je bakin taga ya tofar da tabar, ya daɗe a tsaye yana kallon waje.

"Ana gyarawa ko ba a gyarawa, Mushe?"

"Ana gyarawa. Uwa ta zo gaban kumandan da shedu biyu, ta hwaɗi shekarar da ta haihe ka."

"Shi ke nan?"

"Bisa takarda, shi ke nan."

"To mi muke jira?"

"Ɗana, da ni ne kai, da na riƙe tara da rabina na duƙuhwa addu'a."

"Na yi addu'ar, Mushe. Yanzu doki nike so."

*

Dokin wani gardi-sarki ya ara, wato ɗan sandan kumandan. Cikin ranar bazarar nan ya kama hanyar ƙauyensu da ke bayan Birnin Lalle, bai tausaya wa dokin ba bai tausaya wa kansa ba. La'asar sakaliya ya sauka a ƙofar gida.

Mahaifiyarsa Inna Uwale tana tsakar gida tana surfe.

"Ɗangoggo! Lahiya, da ranar aiki?"

Haka ake kiransa a gida, don Goggo Dela ce ta yaye shi. Mutari sunan lakwal ne, wato makarantar boko, da biro. Ta miƙo masa ruwa a ƙwarya, ya karɓa ya ajiye ko kurɓa bai yi ba.

"Inna, wace shekara kinka haihe ni?"

"Daga Dakoro ka taso cikin ranar ga don ka tambaye ni wannan?"

"Don Allah, Inna."

Ta ci gaba da dakanta. "Hwara ta cinye hatsi, munka sha yunwa. Damina ta zagayo, ranar shibkar hwari na haihe ka. Ko gona ban je ba."

Farar nan Mutari ya san ta, tana rubuce a littattafan biro, 1931. Ya lissafa da yatsu kamar ɗan aji ɗaya, sai ga shi a durƙushe yana dariya hawaye na zuba.

"Ashirin da biyu! Inna, shekarata ashirin da biyu! Saura mani uku cur!"

"To Allah shi ƙara. Sha ruwanka."

"Gobe da asuba za ki hau dokin ga, ni in ja. Gaban kumandan magana kaɗan za ki yi. Ki ce, ɗana Mutari na haihe shi bayan hwara da..."

Taɓarya ta tsaya.

"Ba ni iyawa."

"Ina tsaye kusa da ke, ba abin da Nasara zai maki."

"Ba tsoron Nasara ba ne. Sunan ne ba ni hwaɗi."

"Wane suna?"

"Wanda kac ce."

Kun dai san al'adarmu, uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ko za a yanka ta. Mutari ma ya sani. Shi ya sa ya tsaya yana kallonta, dariyar na bushewa a fuskarsa.

"Inna, ni ba ɗan hwari ba ne. Sunan Yaya kike ɓoyo, ba nawa ba."

Ta sunkuya tana tsince tsaba daga bakin turmi.

"Tun da nike ban taɓa jin kin ce Mutari ba. Na zaci sabo ne."

Ta ci gaba da tsintar tsabarta.

"Inna, ki ce Harisu in ji."

Ta ɗago. Idonta ya kaɗa ya yi ja.

"Harisu," ta ce.

Sunan ya fito bakinta sumul, ba ko gargada. Kuma shi take kallo.

Ya zauna a ƙasa daɓas. Tsoro ne ya kama shi, tsoro irin wanda bai taɓa ji ba ko a ɗakin jarrabawa.

"Wane ne ni?"

"Ɗana ne kai."

"Na ce wane ne ni, Inna!"

Ta jingine taɓarya, ta zauna a kan turmin da ke kife, ta ja gefen zane ta share fuska.

"Shekarar da gardi-sarki sunka zo ɗibar yaran lakwal, sunan yayanka ke cikin takardarsu. Shina da takwas, ya hwara kora san da ke jan guga. Babanku, Allah shi jiƙan shi, kurkunu ya gama da ƙahwarshi. Rijiya gaba arba'in. In anka tahi da yayanka, wa zai ba shanu ruwa? Sai ya jehwa shi cikin rumbu ya ruhe, ya je ya ɗauko ka ɗakin Dela."

"Ina da nawa?"

"Biyar."

"Ba su ga ƙanƙantata ba?"

"Sun ce yaro ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunne. Hannunka bai kai ba. Tahintan nasu ya karkata maka kai har ya kai."

"Wane tahinta?"

"Wani dogo, mai tauna taba."

Mutari ya runtse ido.

"Babanku ya yi ta maimaita maka, in an kira sunan nan ka amsa. Ka amsa, kana murna za ka hau raƙumi. Tun daga ranar ya hana kowa kiran ku da sunan yanka, kai Ɗangoggo, shi Jimrau. Har ka manta, mu kuma munka yi shiru."

"Ashe wanda ba shi da amhwani kunka ba da."

"Kul! Kul na ce!"

"Ƙarya na yi? Lokacin nan cewa ake wanda ya shiga lakwal ya ɓace. Kun zamna kun duba wanda za ku iya rasawa, kunka ga ni ne."

"Da ƙahwa na bi raƙumin nan har Birnin Lalle, ba ko ɗankwali bisa kaina. Gardi ya maido ni da bulala. Kana so in buɗe maka bayana ka gani?"

Kaji suka zo suna tsattsagar geron da ke cikin turmi, ba wanda ya kore su.

Wani da ya tsaya nan ya yi kukansa ya haƙura. Amma Mutari motar gobe kawai yake gani a gabansa. Ya matso ya kama ƙafafunta.

"Na ji. Na yahe ma Baba, na yahe maki. To ki zo gobe ki hwaɗa ma kumandan haka, kamar yadda kinka hwaɗa mani. Su gyara takarda, in soke jarrabawa, in sake zama baɗi."

"Su ɗauke mani yayanka?"

"Wa zai ɗauke shi?"

"Kai da ke biro kake tambayata? Da anka kira sa'o'inshi soja, sunanshi na wurinka, kana lakwal, anka tsallake. Da anka kira naka sunan, shi ya je, Allah ya sa ƙuri'a ba ta hwaɗa kanshi ba. In sunka gane bai taɓa tsayawa da sunanshi ba, ƙuri'a za su sake yi mashi?"

Ba za su yi ba. Mutari ya sani sarai, don da hannunsa yake buga sunayen irin waɗannan mutane. Wanda aka kama ya kauce wa kiran soja, a mota ake jefa shi ranar, ya yi shekara uku a soja.

"Inna, zan roƙi kumandan. Shina ganin girmana. Zan ce..."

"Ƙyale ta."

A bakin ƙofar zana yake tsaye, igiyar guga naɗe a kafaɗa, ƙafafu duk laka. Jimrau ke nan, yayansa, ya dawo daga shayar da shanu. Allah kaɗai ya san tun yaushe yake nan.

"Yaya, ka sani?"

"Ni ne cikin rumbun."

"Shekara goma sha bakwai ba ka taɓa hwaɗa mani ba."

"In ce maka mi? Kana zuwa hutu da takalmi da wando, kana mana yaren Nasara, yara na bin ka. In ce tuɓe, nawa ne?"

"Ban roƙi kowa ya ba ni sunanka ba."

"Ni ma ban roƙi kowa ya sa ni rumbu ba."

Inna Uwale ta ɗora hannu a ka. "Ku bari don girman Allah, maƙwabta na ji."

Mutari ya ja gwiwa ya nufi yayansa. Ni kaina da nake rubutawa na ji kunyar abin da ya fito bakinsa.

"Yaya, shekara uku ce kawai."

Jimrau ya sauke igiyar a hankali.

"Sake hwaɗi."

"Zan riƙe matarka Azara da yara. Zan riƙe Inna. Zan samo mai kiwo. In ka dawo, wallahi ba abin da za ka nema ka rasa. Yaya, in motar nan ta tashi gobe, na ƙare. Akawu zan mutu, ina buga ma wasu takarda."

"Ɗan maƙwabciyarmu Mata da anka tahi da shi yaƙin bayan teku, shekara nawa anka ce?"

Mutari ya sunkuyar da kai.

"Uku anka ce. Akwati anka maido ma uwarshi, da bargo guda da cokali."

"Ba kowa ke mutuwa ba."

"Kana so in je in gwada, don ka zama alƙali."

"Ba don kaina ba ne! Ka manta yadda anka ƙwace rijiyar Baba? Takarda anka karanta mashi da harshen da bai ji, ya dangwala yatsa. Ba mu da kowa wurin nan, Yaya. Na rantse sai na zama wanda zai tsaya."

"Ban manta ba. Tun ranar ni nike bin layi a rijiyar mutane, ba kai ba."

Ya buɗe tafukan hannunsa a gaban fuskar ƙanensa. Igiya ta cinye su, duk kanta da tsaga, yatsu biyu ba sa ma miƙewa.

"Ban taɓa yi maka hassada ba, Ɗangoggo. Wallahi in na ji an ce ɗan gidan Sa'adu na biro, daɗi nike ji. Amma ɗiyana uku, ƙaramin ko zama bai hwara ba. Riƙe tara da rabinka. Allah na iya karya mutum biyu."

Ya ɗauki igiyarsa ya wuce ɗaure maruƙa. Aka kira magariba, kowa ya yi sallarsa a gefe, tuwon da Azara ta kawo ya huce a rufe.

Da asuba Mutari ya ɗaura sirdi bai yi wa kowa sallama ba. Sai da ya yi nisa ya ga goran fura rataye a jikin sirdin. Ya san hannun Inna ne ya rataya shi, ya yi kuka a kan dokin nan har ya hango rufin biro.

*

Mushe Attaher yana kujerarsa, kamar tun jiya bai motsa ba.

"Kai ka karkata mani kai," in ji Mutari.

"Ni ne."

"Ko musu ba ka yi?"

"Da ban karkata ba, da sun buɗe rumbu, su ɗaure babanka da gurguwar ƙahwarshi su ja shi har Maraɗi. Na duba, na ga yaro mai ido a buɗe, na ce wanga ba shi ɓacewa." Ya gyara tabar a kumatu. "Mi ka yanke?"

Mutari ya fito da takardar sokewar daga aljihu. Zufa ta jiƙa ta, gefenta ya lanƙwashe. Ya daɗe yana kallon wurin sa hannun.

"Ba ni sa hannu."

"Ka tabbata?"

"In na soke ba gyara, na jehwa kaina rijiya. In na nemi gyara, na jehwa Yaya. Na shida nike, bari in zamna na shida."

"Allah shi yi maka albarka."

"Riƙe albarkarka, Mushe. Yau ba ni so."

Ya ninke takardar gida huɗu ya mayar aljihu, ya zauna gaban injin buga rubutu. Baƙin ciki ya cika shi. Shekara biyu na hadda, da rantsuwar da ya yi a kan kabarin babansa, duk sun tafi a zazzaɓin kwana ɗaya. Ya sa takarda a inji ya fara buga sunayen waɗanda za a yi wa shanunsu allura, yana bugawa yana kuskure.

Aka yi azahar. A filin gaban biro direba ya tada motar wasiƙu, ta yi tari ta kama. Wani gardi ya shigo ya ɗauki jakar, bakinta a buɗe tukuna, ya ce saura kumandan ya sa nasa a ɗaure.

Mushe Attaher ya leƙa taga. Sai ga tsohon da ba ya gaggawa ya miƙe zumbur.

"Cikina," ya ce. "Wake na ci jiya. In kumandan ya nema ni, ka shiga madadina."

"Mushe, mi ka gani?"

Ina, har ya fice ta ƙofar baya.

Ba a yi minti biyu ba ƙararrawar kumandan ta kaɗa.

Mutari ya goge fuska, ya gyara wuyan riga, ya tura ƙofa. Kumandan yana bayan teburinsa yana sa hannu a wasiƙu, jar fuskar nan tasa sharkaf da zufa. Wata huɗu ke nan da zuwansa Dakoro, Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "kawo ruwa" ba.

"Ina Attaher?" ya tambaya da Faransanci.

"Ba shi da lafiya, ranka ya daɗe."

"To zo ka fassara. Makiyayin nan ya ƙi tafiya, wai sai ya gan ni. Yi sauri, mota na jirana."

Sai lokacin Mutari ya juya.

Jimrau ne.

Rigar Sallarsa ce a jikinsa, shuɗiyar nan guda ɗaya da yake da ita. Ya bar takalmi da sanda a bakin ƙofa. A ƙarƙashin hammatarsa akwai ƙunshin kaya, ɗaure da igiyar kaba, irin na mutumin da ya san ba gida zai koma ba.

Mutari ya dubi ƙunshin kayan. Ya daidaita murya kamar mai yin tambayar aiki.

"Yaya, mi kake yi nan? Koma gida."

"Na bar ma ƙanen Azara shanu."

"Jiya kac ce ba ka yi."

"Jiya na ce."

"Na hwasa, Yaya. Wallahi na hwasa. Ga takardar cikin aljihuna, ban sa hannu ba. Maganar da na yi maka jiya hauka ce, ka yahe mani ka tahi."

"Mun yi shawara da Azara. Ta yi kukanta ta gama."

"Za su jehwa ka mota yau ɗin ga!"

"Na sani. Shi ya sa na zo da kayana."

"Don Allah, don Annabi..."

"Ba don kai kaɗai ba ne, kada kanka ya kumbura. Ɗiyana za su girma. Ina so ranar da anka karanta masu takarda, a samu nasu wurin."

Kumandan ya ɗago kai, ya dubi wannan ya dubi wancan.

"Wannan duk gaisuwa ce? Me yake so?"

A waje direba ya danna oda, doguwa.

Jimrau ya matsa gaba taki ɗaya. Bai durƙusa ba. Ya dubi Nasaran nan ido cikin ido, ya ɗaga murya yadda ake yi wa mai nauyin kunne.

"Ranka shi daɗe, ni ne Mutari ɗan Sa'adu. Wanga da ke tsaye ƙanena ne, sunanshi Harisu, shekarunshi ashirin da biyu. Ni anka kira lakwal, shi anka kai. Ni anka kira soja, ban je ba. Ga ni."

Ya juyo ga ƙanensa.

"Hwaɗa mashi. Kada ka rage ko kalma guda."

Kumandan ya ajiye alƙalami. Cikin maganar nan duka abu ɗaya kunnensa ya kama.

"Na ji ya ambaci sunanka. Ƙararka ya kawo?"

Duk ɗakin nan mutum ɗaya ne ke jin harsunan biyu, Mutari. Zai iya cewa makiyayi ne saniyarsa ta ɓace, a kore shi ya koma wurin 'ya'yansa, mota ta tashi. Zai iya faɗin abin da aka ce, ya zaro takarda ya sa hannu kafin a ɗaure jaka. Hannunsa yana kan aljihu.

Gardi ya leƙo da jakar wasiƙu a hannu. "Ranka ya daɗe, direba ya ce rana na yi."

Kumandan ya ɗaga masa hannu ya dakata, idonsa na kan akawunsa.

"Kurma ka zama? Na ce me mutumin nan ya faɗa?"